Idan jama'a suka ƙi yarjejeniya a ƙuri'ar raba gardama, me ya rage wa gwamnati?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Ni malamin sakandare ne a nan cikin garin Sakkwato, ina koyar da darasin gwamnati. Muna kan maganar ƙuri'ar raba gardama sai wata ɗaliba ta ce ta ji a rediyo cewa a Turai an taɓa tambayar mutane ko sun yarda da wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa, suka ce ba su yarda ba, amma daga baya gwamnati ta shigar da su ciki. Ta ce to mene ne amfanin tambayar? Na ba ta amsa, amma ni kaina ban gamsu da amsar ba. Shin gwamnati tana da hurumin yin haka? Idan kuma aka sake kiran mutane su jefa ƙuri'a karo na biyu, ba raina musu hankali aka yi ba? Mu a Najeriya fa, muna da irin wannan dama?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa wannan ɗaliba albarka, domin abin da ta tambaya shi ne abin da masana tsarin mulki suka daɗe suna jayayya a kai. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: ko doka ta yarda gwamnati ta tsallake hukuncin jama'a, ko sake ƙuri'a ya halatta, da kuma inda Najeriya ta tsaya. Zan faɗa maka matsayina tun da farko don ka auna hujjojina da shi. Sau da yawa gwamnati takan samu ƙofa a doka ta wuce, amma samun ƙofa bai wanke ta daga cin amana ba. Mutanen da suka ce a'a, su kaɗai ne ke da ikon janye wannan a'ar.

Sa hannu daban, ɗaure ƙasa daban

Mutane da yawa suna zaton da zarar shugaba ko minista ya rattaba hannu, ƙasa ta shiga yarjejeniya ke nan. A manyan yarjejeniyoyi ba haka abin yake ba. Wakilan ƙasashe su zauna su tsara matani, sannan a sa hannu, sannan kowace ƙasa ta koma gida ta nemi amincewa bisa tsarinta, wata ta majalisa, wata ta ƙuri'ar jama'a. Sai an kammala wannan mataki aka miƙa takardar amincewa, sannan yarjejeniyar ta hau kan ƙasa. Yarjejeniyar Viyana ta 1969, wadda ta tattara ƙa'idojin ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe, ta san da wannan bambanci. Abin da ta ɗora wa ƙasar da ta sa hannu ba ta kai ga amincewa ba shi ne kada ta yi abin da zai rusa manufar yarjejeniyar, har zuwa lokacin da za ta fito fili ta ce ba za ta shiga ba.

Saboda haka idan jama'a suka ƙi a wannan mataki, ƙasar ba ta karya wa kowa alkawari ba. Ina jaddada wannan domin hujjar da shugabanni suka fi kawowa ita ce: mun riga mun sa hannu, idan muka janye duniya za ta ce ba mu da alkawari. Kunyar da suke gudu kunya ce ta siyasa. Kowace ƙasa da ta zauna a teburin ta san cewa sa hannun abokiyarta yana jiran amincewar gida.

Sai kuma bambancin ƙuri'un kansu. Akwai wadda hukuncinta ke ɗaure gwamnati, akwai ta jin ra'ayi kawai. A Ailan, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1987 a shari'ar Crotty, duk yarjejeniyar Turai da za ta taɓa ikon ƙasa sosai sai an gyara kundin tsarin mulki, kundin kuwa ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar jama'a. A can gwamnati ba ta da hanyar kewayewa. A Holan kuwa ƙuri'un da aka yi na neman shawara ne, majalisa ce ke da maganar ƙarshe. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga wannan baƙon abu ba, don malamanmu ma sun yi saɓani a kan ko shawara tana ɗaure shugaba ko haskaka masa hanya kawai take yi. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, ko da doka ta kira ƙuri'a ta shawara, gwamnatin da ta tara miliyoyin mutane a layi ta yi musu alkawari a aikace cewa za ta ji maganarsu.

Abin da ƙasashe suka yi bayan an ce musu a'a

Wasu sun haƙura. Mutanen Norwe sun ƙi shiga ƙungiyar Turai a 1972, firaministan da ya jagoranci neman shigar, Trygve Bratteli, ya sauka daga mulki. Sai bayan shekara 22 aka sake tambayarsu, a 1994, suka sake ƙi, kuma har yau ba su shiga ba. A Suwizalan, a Disambar 1992, kashi 50.3 cikin ɗari suka ƙi shiga yankin tattalin arzikin Turai. Ratar ƙarama ce ƙwarai, amma gwamnati ta ajiye yarjejeniyar, ta kama doguwar hanya ta ƙulla ƙananan yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya, ta kuma kawo su gaban jama'a a 2000 suka amince.

Denmak ta bi wata hanya, kuma ita ce na fi so ka yi wa ɗalibanka bayani. A Yunin 1992 kashi 50.7 suka ƙi yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai. Yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai duk ƙasashe 12 sun amince, ke nan ƙasa mai mutum kimanin miliyan biyar ta tsayar da tafiyar baki ɗaya. Jam'iyyun ƙasar suka zauna, har da wasu da suka yi yaƙin a ce a'a, suka fitar da abubuwan da suka ga sun fi damun jama'a. A taron Edinburgh na Disambar 1992 aka keɓe Denmak daga abu huɗu: kuɗin bai ɗaya, harkar tsaro ta haɗin gwiwa, wasu al'amuran shari'a da cikin gida, da batun zama ɗan ƙasa na Tarayyar. A Mayun 1993 aka koma ga jama'a, kashi 56.7 suka amince. Ba kowa ya gamsu ba, don a daren da aka faɗi sakamakon an yi tarzoma a birnin Kopenhagen har 'yan sanda suka harbi mutane suka ji musu rauni. Amma dubi abin da ya biyo baya. Gwamnatocin da suka zo daga baya sun so a janye waɗannan keɓancewa, kuma duk lokacin da suka so sai su koma ga jama'a. A 2000 aka tambaye su kan kuɗin Yuro, suka ƙi, har yau kuɗinsu suke kashewa. A 2015 aka tambaye su kan al'amuran shari'a, suka ƙi. Sai a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, suka yarda a janye keɓancewar tsaro. Shekara talatin ke nan ana riƙe da alkawarin da aka yi wa masu a'a.

Ailan ta yi irin wannan sau biyu. Ta ƙi yarjejeniyar Nice ta gyara tsarin Tarayyar Turai a 2001, lokacin da masu jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 35 ba, ta amince a 2002 bayan an ba ta tabbaci kan matsayinta na 'yar ba-ruwanmu a harkar soja. Ta ƙi yarjejeniyar Lisbon, ita ma ta gyara tsarin Tarayyar, a 2008 da kashi 53.4, ta amince a 2009 da kashi 67.1. A karo na biyun ta samu abu mai kauri: an yi niyyar rage yawan kwamishinonin Tarayyar, saboda ƙin Ailan aka bar kowace ƙasa da kwamishinanta, aka kuma ba ta tabbaci kan haraji da dokokin iyali.

Abin da ɗalibarka ta ji a rediyo, ina kyautata zaton labarin Faransa ne. A ranar 29 ga Mayu 2005 kusan kashi 55 na Faransawa suka ƙi yarjejeniyar kundin tsarin mulkin Turai, kuma an fito sosai, kusan kashi 70 na masu rajista. Bayan kwana uku mutanen Holan suka ƙi ta da fiye da kashi 61. Aka ce yarjejeniyar ta mutu. A Disambar 2007 sai ga yarjejeniyar Lisbon. An cire sunan kundin tsarin mulki, an cire maganar tuta da take, an sauya wa muƙamin ministan harkokin waje laƙabi, amma manyan gyare-gyaren suna nan: shugaban dindindin na majalisar shugabanni, sabon tsarin ƙidayar rinjaye, da faɗaɗa fannonin da ƙasa ɗaya ba za ta iya hawa kujerar na-ƙi ba. An canza wa tuwo suna ne kawai, kuma Giscard d'Estaing, tsohon shugaban Faransa da ya jagoranci rubuta matanin farko, shi da kansa ya bayyana cewa abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Wannan karon ba a tambayi Faransawa ba, ba a tambayi mutanen Holan ba. Majalisu suka amince a 2008.

A doka babu inda aka saɓa. Kundin Faransa ya ba majalisa ikon amincewa da yarjejeniya, kuma masu kare Sarkozy, shugaban Faransa a lokacin da majalisa ta amince, suna da hujja mai ƙarfi: tun a yaƙin neman zaɓen 2007 ya faɗa a fili cewa ta majalisa zai bi, aka kuma zaɓe shi. Ban yarda wannan hujja ta wadatar ba. Mutum yana zaɓen shugaba ne a kan abubuwa barkatai, aikin yi, tsaro, haraji, ko tsoron abokin takararsa. Ba daidai ba ne a ɗauki ƙuri'ar da aka jefa a kan abu ɗari a goge da ita amsar da aka bayar a kan abu guda da aka tambaya kai tsaye. Har yau 'yan siyasar da ke adawa da Tarayyar Turai a Faransa, na dama da na hagu, suna kafa hujja da 2005 duk lokacin da suke so su nuna wa talaka cewa ƙuri'arsa ba ta da daraja a idon manya.

Holan ta ƙara wani a 2016. Kashi 61 suka ƙi yarjejeniyar ƙawance tsakanin Tarayyar Turai da Yukiren, masu fitowa kashi 32, kaɗan sama da kashi 30 da doka ta shardanta. Gwamnati ta samo wata takardar bayani daga sauran shugabanni cewa yarjejeniyar ba alkawarin shigar da Yukiren Tarayyar ba ce, majalisa ta amince a 2017, a 2018 kuma aka soke dokar ƙuri'ar shawarar gaba ɗaya.

Sake ƙuri'a raini ne?

Ba kullum ba. Mutane suna da 'yancin sauya ra'ayi, kuma babu hikima a ce hukuncin rana guda ya ɗaure 'ya'ya da jikoki. Ni abu biyu nake dubawa. Na farko, me ya sauya tsakanin ƙuri'ar farko da ta biyu? Idan matanin ya sauya a wurin da ya dami mutane, ko duniya ta juya kamar yadda ta juya wa Denmak a 2022, to sabuwar tambaya ce. Idan kuwa ba abin da ya sauya sai yawan kuɗin farfaganda da tsoratarwa, ana neman gajiyar da mutane ne har su sallama. Na biyu, wa aka mayar wa maganar? Idan jama'a suka ƙi, jama'a za a koma wa. Da wannan awo Denmak da Ailan sun tsallake, ko da yake Ailan a 2002 da ƙyar, don matanin Nice bai sauya ba, tabbaci aka ƙara da gyara a kundin ƙasar. Faransa kuwa ta faɗi.

Akwai ƙorafin da masu sukar sake ƙuri'a ke yi wanda dole a amsa musu gaskiyarsu: idan aka ce e, ba a sake tambaya, sai in an ce a'a. Wannan rashin adalci ne a fili, kuma maganinsa shi ne a rubuta ƙa'ida tun kafin a san sakamako. A faɗi ko hukuncin yana ɗaurewa, a faɗi yawan masu fitowa da ake buƙata, a faɗi tsawon lokacin da za a jira kafin a sake kawo maganar. Wanda ya ga ƙarancin masu fitowa matsala ne, ya faɗa kafin ranar ƙuri'a. Ban taɓa jin gwamnatin da ta ci ƙuri'a da ƙaramin fitowa ta ce nasararta ba ta inganta ba.

Wahalar gaske tana wajen gane abin da a'a take nufi. Takardar ƙuri'a ba ta da gurbin rubuta dalili. A Faransa wasu sun ƙi ne don suna ganin yarjejeniyar ta fifita 'yan kasuwa a kan ma'aikata, wasu don kishin ikon ƙasa, wasu don jin haushin gwamnatin Chirac, shugaban ƙasar na wancan lokaci. Waɗannan ba gyara guda zai gamsar da su ba. Daga nan ne shugabanni ke samun damar cewa ai mutane ba su fahimci abin ba, ko kuma wani abu daban suke ƙi. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki. Amma idan ba ka tabbatar da abin da mutum yake nufi ba, komawa za ka yi ka tambaye shi. Ba ka da hurumin fassara ƙinsa ya zama yarda.

Na ga ƙaramin samfurin wannan a aikina na lauya. Shugabannin wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan jihar sun ƙulla yarjejeniya da takwarorinsu na ƙetaren iyaka kan lodi da kuɗin la'ada, suka kai ta babban taro, mambobi suka yi watsi da ita. Suka zo ofishina da kundin ƙungiyar, suna nuna mini sakin layin da ya ba shugabanni ikon sa hannu ba tare da taro ba. Na ce musu ikon yana nan, amma tun da kuka kai maganar taro da ƙafarku, kun ajiye shi. Na ba su shawara su bi rumfa-rumfa su ji abin da ya sa aka ƙi. Sai ga shi yawancin mutane ba su da ja a kan la'adar, abin da ya tsaya musu a rai shi ne an rubuta cewa duk rigimar da ta taso a can ƙetare za a sasanta ta. Aka gyara wannan, aka mayar taron, ya wuce, duk da akwai waɗanda suka tsaya a kan ƙinsu har ƙarshe.

Inda awon nawa ke rawa shi ne Kolombiya, ko da yake tata yarjejeniyar ta cikin gida ce. A Oktoban 2016 kashi 50.2 suka ƙi yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC, wadda za ta kawo ƙarshen yaƙin fiye da shekara 50. Shugaba Santos ya zauna da jagororin masu a'a, aka yi gyare-gyare, amma sabon matanin majalisa aka kai wa, ba jama'a ba. Bisa ƙa'idata ya yi kuskure. Sai dai tsagaita wuta ba ta jiran dogon lokaci, kuma rayuka ne a kan layi. Ilimin doka ba ya yanke irin wannan shi kaɗai, kuma ba zan yi gaggawar hukunta wanda ya zaɓi hana zubar da jini ba.

Mu a Najeriya

Tarihinmu yana da misali mai kyau, kuma ya shafi Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. A Nuwambar 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Kamaru ta Arewa, yankin su Mubi da Gwoza da Gashaka da Ingila ke riƙo a lokacin, ko za su zama ɓangaren Jihar Arewa idan Najeriya ta samu 'yanci, ko a ɗage maganar. Mafi rinjaye suka zaɓi a ɗage, abin da ya girgiza gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello. Da aka bincika, babban ƙorafinsu shi ne yadda En'e ke mulkinsu, musamman daga Yola. Aka yi gyaran mulkin gargajiya, aka kafa musu En'o'insu, aka yi musu alkawarin lardi na kansu. A Fabrairun 1961 aka sake ƙuri'a tsakanin Najeriya da Kamaru, kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar a 1963.

A yau kuwa kundin 1999 bai tanadi ƙuri'ar raba gardama a kan yarjejeniya ba. Ya ambace ta ne a wajen ƙirƙiro jiha ko ƙaramar hukuma a sashe na 8, da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye a sashe na 69 da na 110. Ɓangaren zartarwa ne ke ƙulla yarjejeniya. Shingen da muke da shi sashe na 12 ne, wanda ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a cikin ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma idan batun ba ya cikin abubuwan da tarayya ta keɓanta da su, sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince. Shi ya sa Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1991, tarayya ta yi dokarta a 2003, amma Sakkwato sai a 2021 ta yi tata dokar kare yara, bayan an daidaita ta da addini da al'adar mutanenta.

Shingen yana da ɓaraka. Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006 don miƙa Bakassi bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002. Majalisar Dattawa ta yi ƙorafi a 2007 cewa ba a kawo mata ba, duk da haka aka kammala miƙawa a Agustan 2008, mazauna yankin kuwa ba wanda ya tambaye su. Hayaniyar da ta tashi a 2024 kan yarjejeniyar Samoa, tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik, wadda gwamnati ta musanta abin da aka ce tana ɗauke da shi, ta samo ƙarfinta ne daga cewa yawancin mutane sai bayan an sa hannu suka ji labarinta.

Amma muryar jama'a ta taɓa yin tasiri ko ba ƙuri'a. Yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Ingila ta 1960, zanga-zangar ɗalibai da matsin 'yan adawa suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A 2018 Buhari ya fasa sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci ta bai ɗaya ta Afirka a Kigali saboda ƙorafin ƙungiyar ƙwadago da masu masana'antu, aka yi tuntuɓa, sannan ya sa hannu a Yamai a Yulin 2019. Mu da ke kan iyaka, waɗanda duk abin da aka ƙulla ko aka kwance a ECOWAS kan iso kasuwar Illela kafin ya isa Abuja, mun fi kowa buƙatar a gyara dokar ƙulla yarjejeniya ta yadda dole a kai matanin gaban majalisa, a wallafa shi, a yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ƙasa ta ɗaure kanta. Wannan gyara ba ya buƙatar taɓa kundin tsarin mulki, dokar majalisa ta isa, kuma ɗalibanka suna iya rubuta wa sanatansu da ɗan majalisar wakilansu a kai tun daga aji.